Jitar Baffa da lambar da ke bayan wuyanta



Wata uku da suka wuce aka yi rasuwa a gidan wani abokina a nan cikin badala. Baffansa ne, dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda mu yaran unguwa muka taso muka san shi da tela da kuma sahun gaba a masallaci. Bayan an yi sadakar bakwai aka zo haɗa kayan mamaci domin rabon gado, sai aka jawo wata doguwar jaka daga saman wadirof, ƙura ta yi mata rawani. Ana zugewa sai ga jita irin mai amfani da lantarki, baƙa wuluk, tsarkiya biyu sun tsinke, kuma a kanta an rubuta Gibson. Ashe a ƙuruciyarsa Baffa ya yi kiɗa da wata ƙungiya da ke wasa a otal-otal na Sabon Gari, a zamanin da ake yayin su Bala Miller. Da ya yi aure na biyu ya ajiye, bai sake ɗauka ba, bai kuma taɓa ba 'ya'yansa labari ba. Uwargidansa kaɗai ta sani.

Kafin magariba gidan ya rabu biyu. Wani ɗan autan gidan ya ɗauki waya ya buga sunan a Google, ya ga ana sayar da tsofaffin Gibson dubban daloli, ya buga lissafi a naira, ya fara maganar a sayar a sayi fili. Washegari wani dillalin tsofaffin kaya da aka kira ya juya ta sau biyu, ya taɓe baki ya ce jabu ce, katako ne kawai da waya, ya taya kuɗin da ba zai sayi buhun shinkafa ba. Masu goyon bayan auta suka ce dillali na son ya yi musu wayo. Masu goyon bayan dillali suka ce auta mafarki yake da rana tsaka. Magana ta fara tsami har ana tono tsofaffin laifuffuka, alhali a cikin magadan akwai marayu biyu ƙanana waɗanda duk kuskuren da aka yi wajen ƙiyasta kuɗin kaya, haƙƙinsu ne zai taɓu.

Abin da ya ja ni na yi wannan rubutu shi ne, ɓangarorin biyu duk kuskure ɗaya suka yi. Kowa ya riƙe shaida ɗaya tak ya yanke hukunci. Auta ya riƙe sunan da ke kan jita, dillali ya riƙe kallon ido. Babu wanda ya juya bayanta ya karanta lambar da kamfani ya buga, wadda 'yan kasuwa ke kira siriyal namba.

Kuma abin mamaki, wannan ba baƙon ilimi ba ne a Kano. Duk wanda ya taɓa sayen waya ta hannu a Farm Centre ya san ana danna *#06# a ga lamba goma sha biyar ta IMEI, a gwada da ta jikin kwali. Duk dillalin mota da ya san aikinsa ya san lambar chasis harafi da lamba goma sha bakwai ce, kuma na goma a jerin shi ke nuna shekarar ƙirar motar. Jita ma haka take, sai dai kowane kamfani da nasa salon.

Kamfanin Martin na garin Nazareth a jihar Pennsylvania ta Amurka, wanda aka kafa tun 1833, shi ne mafi sauƙin sha'ani. Tun 1898 ya fara sa lamba, ya fara daga wajen 8,000, yana tafiya a jere bai koma baya ba, har ya cika miliyan ɗaya a 2004. Idan ka leƙa ta ramin cikin jitar ka karanta lambar, sai ka duba jadawalin da ke nuna lambar ƙarshe ta kowace shekara, shi ke nan ka san shekararta. Gibson kuwa daga 1977 ya koma lamba takwas da ake bugawa a ƙeyar kan jita, kuma karatunta sai an koya maka. Lamba ta farko da ta biyar su ne shekara, ukun da ke tsakaninsu kuma rana ta nawa ce a shekarar. Misali idan ka ga 82345512, ka ɗauki 8 da 5, ka sami 1985, sannan 234 na nufin rana ta 234, wato 22 ga Agusta. Ukun ƙarshe suna nuna matsayin jitar a cikin waɗanda aka buga wa lamba a ranar. Fender shi kuma daga 1976 ya riƙa fara lambarsa da harafin da ke nuna zangon shekaru goma: S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000, sannan lambar da ke biye ta nuna shekarar.

To amma a nan ne nake so mai karatu ya nutsu, domin akwai masu ɗaukar lamba kamar wahayi. Lambar gaskiya ma tana iya ɓatar da mutum. Fender ya fitar da jitoci a 1990 masu ɗauke da N9, wadda a ƙa'ida 1999 take nufi, don haka mai dogaro da lamba kaɗai zai yi kuskuren shekara tara. Haka kuma kamfanin kan buga sitikun lamba da yawa, ya ci gaba da liƙa su har bayan shekarar ta wuce, shi ya sa za ka sami S9 a jikin jitar da aka haɗa a 1980 ko 1981. Gibson a shekarun 1960 zuwa farkon 1970 ya maimaita lambobi, har lamba ɗaya ta iya faɗawa kan shekara biyu ko uku mabambanta. Wannan fa duk a kan kayan asali ne. Idan aka zo ga jabu, mai ƙera jabu ba ya rasa ƙarfen buga lamba. A watan Nuwamba na 2024 hukumar kwastan ta Amurka ta sanar da kama jitocin Gibson na jabu sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Wanda ya iya kwaikwayon suna da fenti da siffa, kwafar lamba takwas daga hoton jitar gaske ba za ta gagare shi ba.

Shi ya sa masana wannan harka ba sa tsayawa a lamba. Sukan kwance wuyan Fender su duba ranar da ma'aikaci ya rubuta ko ya buga a gindinsa. Sukan buɗe bayan jita su duba 'yan na'urorin da ke ƙarƙashin maɓallan ƙara murya, domin su ma kamfanin da ya yi su ya buga musu tasu lambar. Idan ta fara da 137, kamfanin CTS ne, abin da ya biyo baya kuma shekara ce da mako. Jita ba za ta girmi kayan da aka haɗa ta da su ba, sai fa in an canza su daga baya, wanda shi ma ana ganewa daga dalmar da aka yi liƙi da ita. Sai shaidu uku ko huɗu sun haɗu a kan magana ɗaya sannan a ce an tabbatar.

Mu da muke mu'amala da rubutu, wannan bai kamata ya zame mana sabo ba. Malamanmu mawallafa waƙoƙin ajami sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan ka tara ƙimar haruffanta za ta ba ka shekarar Hijira da aka gama waƙar. Kuma ramzin ma sai ka san salon da aka bi, domin a lissafin Magariba da malamanmu suka gada harafin shin ne dubu, a lissafin Gabas kuwa gain ne dubu, shin ɗari uku ne. Wanda ya karanta da salon da ba shi ba zai yi kuskuren ɗaruruwan shekaru. Sannan ko ka karanta daidai, ramzi shekarar waƙa yake gaya maka, ba ya gaya maka shekarar takardar da ke hannunka. Almajirin da ya kwafi waƙar bayan shekara tamanin zai kwafe ta har da ramzinta, kuma bai yi ƙarya ba. Don haka masu nazarin tsofaffin littattafai sukan ɗaga takarda su haska ta da rana su nemi tambarin da ke cikin jikinta, irin jinjirin wata uku na takardun da ake kawowa daga Italiya, su duba irin tawada da salon hannu. Aikin da mai duba jita ke yi ke nan, kaya ne kawai suka bambanta.

Mu koma gidan su abokina. Da rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ni da shi muka sa jitar a adaidaita sahu muka nufi Sabon Gari wajen wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa, wanda yawancin aikinsa na coci-coci ne. Bai ko kalli sunan ba, ya kifa ta a kan cinyarsa. Ya nuna mana wani ɗan farantin ƙarfe mai sukurori huɗu a inda wuya ya haɗu da gangar jiki, ya ce, "Samari, kun ga wannan? Irin wannan samfurin, Gibson da gam yake haɗa wuyansa, ba ya ɗaure shi da sukuru." Ya sake nuna ɗan murfin da ke kan jitar kusa da inda ake ɗaure tsarkiya, ya ce na Gibson sukuru biyu ne, wannan uku ne. Da ya sa farce a gefen sunan sai ga shi yana ɗagowa, ashe wani ne ya liƙa daga baya ya shafe da fenti.

Na ce, "To Baba, ke nan dillali ya yi gaskiya, jabu ce?"

Ya ce, "Sunan ne jabu. Jitar ba ta yi wa kowa ƙarya ba."

Ya goge farantin da tsumma da ɗan kalanzir, sai ga rubutu cewa a Japan aka yi ta, ga kuma lamba da ta fara da K75. Ya bayyana mana cewa wannan salon masana'antar FujiGen ne, wadda ta riƙa ƙera wa Ibanez da Greco jitoci. Harafin farko wata ne, A Janairu, B Fabrairu, har zuwa L Disamba, lambobi biyun da ke biye kuma shekara. K ke nan Nuwamba, 1975. A wancan lokacin kamfanonin Japan suna ƙera jitoci masu siffar na Amurka sak, da kyau kuma da araha, har ta kai kamfanin da ya mallaki Gibson ya maka mai rarraba Ibanez a Amurka a kotu a 1977. Yau irin waɗannan jitocin suna da nasu masu nema, kuɗinsu ya ninka abin da dillali ya taya sau da yawa, amma ko kusa bai kai filin da auta ya hango ba.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru ne da muka dawo gida. Abokina ya shiga ɗakin uwargidan ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ko kina tuna lokacin da Baffa ya sayi abin nan?" Ba ta yi dogon tunani ba ta ce, "Shekarar da aka kashe Murtala ce, da damina, ina da cikin yayarku." An kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Jitar da aka gama a Japan a Nuwamban 1975, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas, ta iso Kano, daminar 1976 daidai take da lokacin da za ta shiga hannun mai saye. Tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan FujiGen ba da ƙarfen da aka buga a wata duniya, maganarsu ta zo ɗaya. Kwana huɗu ana gardama a tsakar gidan, babu wanda ya tuna ya tambaye ta.

Batun ko ya halatta a sayar da kayan kiɗa a raba kuɗin a gado, wannan hurumin malamai ne, kuma iyalan sun kai wa malaminsu. Ni abin da ya dame ni daban ne, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutu.

Jitar da aka yi wa kwaikwayo, ta talaka, wadda ba ta wani shahararren makaɗi ba, bayan shekara kusan hamsin mun iya gano watan da aka yi ta. Kayan kiɗanmu na gida fa? Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a watan Yunin 2015, ya zaga duniya da kuntigi, ɗan gwangwanin kifi da aka rufe da fata aka ɗaura wa tsarkiya ɗaya. Garba Supa da Hassan Wayam sun yi suna da kukuma, Haruna Uji da gurmi, Shata da kalangu, Ɗanƙwairo da kotso. Mun haddace waƙoƙinsu, mun san waɗanda suka yi wa waƙa da 'yan amshinsu. Amma a cikinmu mutum nawa ne zai iya faɗin sunan wanda ya sassaƙa icen kalangu ko ɗaya daga cikin waɗanda aka kaɗa wa Shata? Idan gobe wani ya fito da kuntigi a kasuwar Kurmi ya ce na Ɗan Maraya ne, da me za a gaskata shi, da me kuma za a ƙaryata shi? Babu suna, babu shekara, babu gari. Duk wanda ya san Kurmi ya san yadda sabon abu kan sha hayaƙi da ƙasa ya wayi gari ya zama "na kakanni" idan baƙo ya zo saye. Rashin rubutu mayaudari yake yi wa amfani, mai gaskiya kuma ya rasa abin kafa hujja.

Ba wai ba a yi aiki ba. David Ames da Anthony King sun fitar da littafin da ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da bayaninsu tun 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙa da dama. An yi wa Shata littafi guda mai kauri. Sai dai waɗannan ayyuka sun fi karkata ga mawaƙi da waƙarsa da nau'in kayan kiɗa. Shi wannan gurmin guda ɗaya da ke rataye a ɗakin wane, wa ya yi shi, yaushe, ya bi ta hannun su wa, wannan shi ne gurbin da ya rage.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙarfi. Kayan kiɗanmu ba a yi su don su daɗe ba. Ƙwarya takan fashe, fata takan huje a sake ta, izgar goge takan tsinke, sanda takan karye. Makaɗi da yawa shi ke haɗa abinsa da hannunsa, idan ya lalace ya jefar ya yi wani, to wanne za a sa wa lamba? Kuma lambar kamfani an ƙirƙire ta ne don lissafin masana'antar da ke fitar da dubbai, mai yin garaya biyar a shekara ba ya buƙatarta. Na yarda da rabin wannan. Ba ina cewa a kwaikwayi Gibson da lamba takwas ba. Amma jita ma ana canza mata tsarkiya da maɓallai da fenti, abin da ake bi shi ne gangar jiki. Icen kalangu da na kotso yakan yi shekaru masu yawa ana sake masa fata. Kuma wanda ya haɗa abinsa da kansa ya fi kowa cancantar a san shi. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu ke wasa a manyan dandali na Turai da Amurka, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar burkin keke. Yau wannan jitar ta katako ta fi wata Gibson ɗin daraja a tarihin kiɗan Sahel, kuma darajar tata ta dogara kacokan kan a iya tabbatar da cewa ita ce.

Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika faɗa a fili ba, wato kunya. Baffa ya ɓoye jitarsa shekara arba'in don kada a ce tela mai mutunci tsohon makaɗin otal ne. Gidaje nawa ne a cikin birnin nan da jikokin makaɗa suka yi karatu suka zama ma'aikata, suka bar kayan kakansu gara ta cinye, don kada a tuna musu asalin roƙo? Ba na zargin kowa, kowa ya san yadda ake auna asali idan an zo neman aure. Amma rubuta cewa abu kaza na wane ne, an yi shi shekara kaza, bai zama an ce ka ɗauka ka kaɗa ba.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Mai sassaƙa ko mai haɗa kayan kiɗa ya ƙona sunansa da garinsu da shekara a cikin icen ko cikin ƙwaryar kafin ya rufe da fata, da boko ko da ajami, yadda maƙera da masu sassaƙa turmi suka iya yin zane da ƙarfe mai zafi. Wanda ya gaji irin wannan kaya ya zauna da tsofaffin gidan tun suna raye, ya ɗauki muryarsu a waya, ya ɗauki hoton abin ta kowane gefe. Idan sun ce "shekarar da aka kashe Murtala" ko "shekarar rikicin Maitatsine" ko "lokacin da aka canza kuɗi", a rubuta haka nan yadda suka faɗa, mayar da shi lamba aikin minti biyar ne. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa kuma suna iya buɗe rajistar da iyali za su kawo abu a duba, a ba shi lamba, a rubuta bayaninsa, su koma da kayansu gida, domin mutane da yawa tsoron a karɓe musu ne ke hana su fitowa da shi. Mu marubuta ma muna da laifi. Muna iya cika shafi goma da bayanin lefe da gadon amarya, amma da wuya ka ga labarin da aka ambaci sunan mai yin kalangu.

Jitar Baffa tana nan ba a sayar ba, ana jiran abin da malam zai ce. Kafin a mayar da ita saman wadirof, abokina ya yagi takarda daga littafin ɗinkin marigayin, ya rubuta lambar da ke bayan wuyanta, da abin da dattijon Sabon Gari ya faɗa, da maganar Hajiya kalma bayan kalma, da ranar da aka rubuta. Ni da wani maƙwabci muka sa hannu a matsayin shaidu, aka ninke takardar aka sa a aljihun jakar.